Kalmar "Lemo" da Lafiyar Ƙoda: Nazari a Kudancin Birnin Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta dubi illar lemon kwalba ga ƙoda, sannan ta nuna yadda sunan da Hausawa suka laƙaba masa yake sakaya wannan illa. An ɗauki misalai daga unguwannin da ke ƙetaren kogin Kaduna.

1.0 Gabatarwa

A unguwanni irin su Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo da rabo a wurin biki da suna. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, lebura da mai tuƙa keke sukan kashe ƙishirwa da shi a maimakon ruwa. Wannan ɗabi'a ce ta jawo hankalin mai nazari.

2.0 Faɗaɗar Ma'anar Kalmar

Asalin kalmar lemo daga Larabci ne, kuma ɗan itace take nufi, wato lemon zaƙi da lemon tsami. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa, ta haɗa da ruwan zaƙi mai gas. Saboda haka abin sha na masana'anta ya gaji martabar ɗan itacen da aka sani da ƙara lafiya, har ta kai ana zuwa dubiya asibiti da shi.

3.0 Illarsa ga Ƙoda

Coca-Cola na ɗauke da sukari giram 10.6 a kowace mililita 100, wato kimanin cokalin shayi 13 a robar santilita 50. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ya fi dacewa baligi ya tsaya a kan kimanin giram 25 a rana. Yawan sukari na kai wa ga ƙiba da ciwon siga da hawan jini, kuma biyun ƙarshe su ne kan gaba wajen lalata ƙoda.

Binciken Ferraro da abokan aikinsa (2013) a Amurka, wanda ya shafi mutane fiye da 194,000, ya gano cewa mai shan kola mai sukari sau ɗaya ko fiye a rana yana da ƙarin haɗarin tsakuwar ƙoda da kashi 23 cikin ɗari. Alaƙa ce binciken ya nuna, bai tabbatar da cewa lemon kaɗai ne sanadi ba. Amma ciwon ƙoda ba ya nuna alama da wuri; sau da yawa sai tafiya ta yi nisa, an kai ga wankin ƙoda, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka.

4.0 Kammalawa

Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan abin sha, sai dai haraji ba ya gyara fahimta. Nan ne aikin masana Hausa ya taso. Ya kamata saƙonnin faɗakarwa a rediyo da asibitoci su bambanta lemon itace da ruwan sukari na kwalba, su riƙa faɗin yawan sukarin da ma'aunin cokali, wanda kowace uwar gida ta sani. Idan an kira abu da sunan da ya dace da shi, mai sha zai san abin da yake kai wa bakinsa.