Darasin Wata: Sayen Ruwan Marmaro

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan ruwan sha ne, musamman wanda ake saye daga marmaron da ke hannun mutum ɗaya. A ƙauyukan da ke gindin duwatsu, kamar na Filato da kudancin Bauci da kudancin Kaduna, akan sami idon ruwa ya ɓullo cikin gonar wani. Sai mai gona ya kewaye wurin, ya sa famfo, 'yan ga-ruwa da matan gida su riƙa saye jarka-jarka. Wani ya ce ai ruwa na Allah ne, don me za a sayar? Mu dai abin da muke so mai karatu ya tambaya shi ne: kuɗin nan da nake biya, me suke saya mini?

Mu fara da sanin yadda marmaro yake samuwa. Ruwan sama ne yake nutsewa cikin ƙasa, ya ratsa yashi da tsakuwa, har ya tarar da dutsen da ba zai iya hudawa ba. Daga nan sai ya bi bayan dutsen a kwance, ya fito a gangare. Wannan doguwar tafiya ita ce take tace shi. Ruwan kwalba na Swan da aka sani a birane, asalinsa marmaro ne a Kerang, cikin ƙaramar hukumar Mangu ta Jihar Filato. Ke nan ruwan marmaro yana iya zama mai kyau ƙwarai. Amma ba kowane ba.

Idan tafiyar ruwan gajeruwa ce, bai tatu ba. Ga yadda za ka gane, ba sai da ɗakin gwaji ba. Je ka wurin washegarin ruwan sama mai ƙarfi. In ka ga ruwan ya gurɓace, ko ya ƙaru farat ɗaya, to, ruwan saman ƙasa yana shiga cikinsa, tare da duk ƙazantar da ya kwaso. Marmaro mai zurfin asali ba ya sauya launi, kuma sanyinsa kusan ɗaya ne rani da damina.

Sai ka ɗaga kai ka dubi tudun da ke sama da idon ruwan, domin nan ne yawancin matsala take. Akwai masai? Akwai turken shanu, ko juji, ko gonar da ake wa feshi? Ma'aikatan lafiya suna so a sami tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da wurin ruwan sha, kuma kada masan ya kasance ta sama. Na taɓa zuwa wani ƙauye inda mai marmaro ya yi gini mai kyau har da fenti, amma taku ashirin sama da shi yara ne suke zagayawa bayan gida. Fentin bai amfana wa kowa komai ba.

Marmaron da ya cancanci a biya kuɗinsa shi ne wanda aka rufe idonsa da akwatin siminti mai murfi, ruwa yana fitowa ta bututu, ba mai tsoma guga ko ƙwarya. A sama an haƙa lambatu mai karkatar da ruwan sama, an yi shinge saboda dabbobi, kuma ruwan da ya zube yana da hanyar wucewa, ba ya kwanciya. Wannan aikin shi ne abin da kake saye. A ce jarka Naira 100 ce, gidanka yana shan biyu kullum: a wata ka biya Naira 6,000. Wanda ke karɓar irin wannan kuɗi daga gidaje da yawa, ba rashin kunya ba ne a tambaye shi yaushe ya wanke tankinsa, ko duba-gari ya taɓa zuwa, ko an taɓa kai ruwan gwaji. In mutum ɗaya yana jin nauyi, sai a tafi ƙungiya, ko a bi ta hannun mai unguwa.

Kada hasken ruwa ya ruɗe ka. Ƙwayoyin cutar amai da gudawa da na taifot ido ba ya ganinsu. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, akasarinsu a jihohin Arewa. Dattawa kuma suna tune da kurkunu: a 1988 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu fama da shi a ƙasar nan, amma da tace ruwa da gyaran wuraren ɗiba, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ya ƙare a Nijeriya.

Akwai kuma abin da dutse da kansa yake zuba wa ruwa. A yankunan Langtang da Kaltungo, wasu ruwayen suna da yawan sinadarin fulorayid, wanda yake rina haƙoran yara. Tafasawa ba ta raba ruwa da shi. In ka ga yaran da suka tashi da shan wani ruwa duk haƙoransu sun yi dabbare-dabbare, a nemi hukumar ruwan karkara ta jiha ta gwada shi.

Saura jarka. Sau da yawa ruwa yakan bar marmaro lafiya, ya lalace a hanya. Leƙa cikin jarkar mai kura: in ta yi kore, ko tana warin fetur, kada ka saya. Wadda ta taɓa ɗaukar maganin feshi kuwa, ko an wanke ta sau goma ba ta ruwan sha ba ce. A gida a rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya. In kana shakka, tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana zaɓaɓɓaka, ko ka sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalba, ka jira minti 30. Alif da ƙwayar zogale kwantar da laka suke yi, ba za a dogara da su wajen kashe cuta ba.

Aikin aji: malami ya raka ɗalibai wurin da garinsu yake ɗiban ruwa. Su auna da taku tsakaninsa da masai mafi kusa, kowa ya rubuta abin da ya gani cikin jimla biyar, a karanta a aji ranar haɗuwa ta gaba.