Kafin a Buga Gangar Bikin Su a Tiga

Wani matashi daga Tiga, sakataren ƙungiyar samarin unguwarsu, ya rubuto mini cewa ya ga bidiyon bikin da ake yi kowace shekara a garin Hermanus na Afirka ta Kudu. Jama'a kan cika bakin teku don tarbar wel, ƙatuwar dabbar ruwan nan da ke baro ruwan ƙanƙara na kudancin duniya ta zo haihuwa a gaɓarsu. Ya ce: "Malam, mu ma ga ruwa Allah ya ba mu. Ta ina za mu fara namu bikin?"

Ƙanena, ka fara daga abin da bidiyon bai nuna maka ba. An yi ta farautar wel har wasu nau'o'insa suka kusa ƙarewa, kafin dokar dakatar da farautarsa don kasuwanci ta fara aiki a 1986. Mutanen Hermanus kallo kawai suke sayarwa, ba mai taɓa dabbar. Ba ma sai ka je nesa ba, ga Argungu. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe babin gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, ake bikin kamun kifi a can, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Kowa yana ganin dubban masunta sun faɗa ruwa da homa da gora. Abin da ake mantawa shi ne kogin Matan Fada, inda ake bikin, a kulle yake sauran shekara, ba mai jefa ko ƙugiya. Giwan ruwan da ake ɗagawa gaban sarki, hanin da aka yi ne ya raine shi.

Saboda haka aikinku na farko ba fosta ba ne, ba kuma neman mawaƙi ba. Ku je gaida Sarkin Ruwa da dattawan masunta, ku zauna ƙasa, ku tambaye su inda tarwaɗa da karfasa suke zuba ƙwai. Sun san kowane lungu. Sun san in ruwan damina ya fara shigowa tarwaɗa kan hau ƙoramu da ciyayin da ruwa ya shanye ta yi ƙwai, a nan kuma ake tare ta da cikinta. Wannan ita ce ƙaurar kifinmu, kuma ita ce za ku yi wa biki. Ku roƙe su su zaɓi lungu ɗaya ko biyu marasa zurfi a keɓe su shekara guda cur, sannan a ɗaga wa bakin ƙoramu ƙafa daga Yuni zuwa Satumba. Kada ku ce a rufe dam gaba ɗaya. Mai iyali ba zai ci doka ba, in kun matsa masa da rana zai fito da dare. Sauƙin abin ma shi ne yawancinsu suna gona a watannin nan.

Ruwan Tiga ba na gari ɗaya ba ne. Tun da aka kammala dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, yake shafar ƙasar Bebeji da maƙwabtanta ta wajen Tudun Wada, kogin da ke cika shi kuma ta dajin Falgore yake gangarowa. In mutanen wannan gaɓa sun yi haƙuri, na waccan suna ja da taru, kun yi aikin baban giwa. Ku bi ta hannun masu unguwanni da dagatai har zuwa hakimai, a sa yarjejeniyar a takarda, kowace tashar masunta ta sa hannu. Ku kai kwafi ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, tunda ita ke riƙe da dam ɗin, da sashen kifi na ma'aikatar gona ta jiha.

Ranar rufe ruwa kuwa, ga shawarar da na fi so. Hermanus suna da sankira mai busa ƙaho in dabbar ta ɓullo. Mu namu sankiran yana da fukafukai. Shamuwa kan yi rani a kudancin Afirka ta dawo mana gab da damina, kuma tun muna yara aka hana mu jifanta ko taɓa sheƙarta. Ku ɗora sabuwar doka a kan wannan tsohuwar. Makon da aka ga shamuwa ta sauka, a yi ƙaramin taro bayan sallar Juma'a, liman ya yi addu'a, Sarkin Ruwa ya yi shelar ranar da hani zai fara. Wannan ba ya cin kuɗi.

Babban bikin sai wajen Fabrairu, an gama kaka, aljihu da ɗan nauyi, tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai kuma ba su koma ba. Da sassafe ku fita da 'yan makaranta bakin ruwa, a ba kowane aji takarda su ƙirga abin da suka gani, baƙin tsuntsaye da 'yan gida irin su balbela da kirinjijiya. A ajiye danko a gida. Ku adana takardun, baɗi a gwada da na bana.

Ranar su, a lungun da aka keɓe kaɗai za a shiga, don Tiga ba Matan Fada ba ce, tana da zurfin da ba a wasa da shi. A kafa tutoci a iyakar wurin, a jera jiragen ceto da gwanayen iyo. Duk wanda zai hau kwalekwale ya sa rigar kariya, a kuma ƙirga mutane kafin a tura. Har yanzu Kano ba ta manta da yaran Islamiyya da suka rasu a ruwan Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba. A hana ƙananan yara wanka a gefe, saboda tsargiya.

A duba kayan su kafin a busa usur. Ban da gidan sauro, ban da raga mai ƙananan idanu, ban da magani. Dokar kamun kifi ta 1992 ma ta haramta guba da nakiya da lantarki. A tsayar da awa ɗaya, a mayar da ƙananan kifi ruwa. A sa dattawa su duba kifin gasa tun yana motsi, don a 2008 a Argungu an karɓe kyauta daga hannun wanda aka gano da mataccen kifinsa ya shigo.

Kyautar ma kada ta ƙare a kan mai ƙaton kifi. Mafi tsoka ta tafi ga tashar da ba a kama ko mutum ɗaya da karya hani ba. In kun sami mai tallafi, ku ce ya sayo kalli mai manyan idanu, duk wanda ya kawo gidan sauron da yake su da shi a musanya masa. A ba mata masu suya da banda rumfuna a gaba, a kuma ɗora wa ƙungiyarku kwashe leda kafin magariba.

Shekarar farko kada ku gayyato gwamna. Ku yi abinku da dagatai da makaɗan gari, ku auna kifin da aka kama a sikeli, ku rubuta. Wannan littafin za ku riƙa a hannu ranar da za ku je neman tallafin shekara ta biyu.