Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Cikin Tsohuwar Jaguar, Na Asali Ne Ko An Canja?

Tambaya: Na gaji wata tsohuwar Jaguar E-Type mai buɗaɗɗen kai daga baffana, ta daɗe a kulle a gareji. Burina in mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Mai ɗinkin kushin ya ce in bari ya kwashe komai ya sa sabuwar fata. Ta yaya zan gane abin da yake na asali? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Allah ya jiƙan baffa. Malam, ka ce wa mai kushin ya dakata tukuna. Duk tsumman da ya yage ya zubar, shaidarka ce ta tafi.

Abin da za ka fara sani shi ne lokacin da aka ƙera motarka, domin E-Type ba iri ɗaya ba ce. An fara nuna ta a Janeba a watan Maris na 1961, an riƙa haɗa ta a masana'antar Browns Lane da ke Coventry a Ingila, kuma kamfanin ya riƙa sauya kayan ciki ana tsakiyar aiki, ba ya jiran sabuwar shekara. Saboda haka buɗe bonet ka nemi farantin ƙarfe mai ɗauke da lambar shasi da ta inji. A masu inji mai lita 3.8, buɗaɗɗiyar da lambarta ta fara da 850 sitiyarinta a dama aka yi shi, mai 875 kuwa a hagu. Wannan ya shafe ka, don sai a Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma motoci da yawa an juya musu sitiyari bayan nan. In lambar ta ce dama amma sitiyari yana hagu, to an taɓa kwance dashbod ɗin nan.

Da lambobin a hannu, ka rubuta wa Jaguar Daimler Heritage Trust a Ingila. Su ke riƙe da kundin masana'antar, kuma in ka biya sukan ba da takardar shaida mai nuna ranar ƙira, fentin asali, launin kayan ciki da dillalin da aka aika wa motar. In takarda ta ce ja, kujerunka kuma baƙaƙe ne, magana ta ƙare.

Sai ka zauna a ciki ka duba da natsuwa. Motocin farko tsakiyar dashbod ɗinsu alminiyom ne mai zane, sai a 1963 aka koma rufe wurin da baƙar leda. Kujerun masu lita 3.8 sirara ne masu rungume baya, suna da kyau a ido amma suna gajiyarwa a doguwar tafiya, shi ya sa mutane suka riƙa musanya su da masu kauri waɗanda suka zo da injin lita 4.2 a ƙarshen 1964. Makunnan fitila da na abin share gilashi ma suna magana: na samfurin farko 'yan sanduna ne da ake ɗagawa da yatsa, shimfiɗaɗɗun da ake dannawa kuwa sun shigo ne wajen 1968 saboda dokokin kare lafiya na Amurka. Ɗaga kafet ka ga ƙasan motar. Na farkon farko a baje yake, sai cikin 1962 aka yi masa kwarmin ajiye diddige.

Ga inda masu son gwaninta suke ɓata aiki. Kamfanin bai lulluɓe ko'ina da fata ba. Fatar kamfanin Connolly tana kan kujera, amma jikin ƙofa leda ce. Mai kushin da ya zuba fata har ƙofa zai ga ya yi maka alheri, masanin motar kuwa kallo ɗaya zai yi ya gane.

Rana tana kashe launi, don haka kada ka yarda da abin da ke fili. Ciro kujera ka kifa ta, ka duba bakin fatar da aka naɗe ta ƙasa, inda haske bai taɓa kaiwa ba. Nan ainihin launin yake. Duba kuma ramukan ƙusa a jikin firam ɗin kujerar: layi ɗaya alama ce mai kyau, layi biyu ko uku na nufin hannu ya shiga. Bayan kujeru, agogunan dashbod su kasance na kamfanin Smiths, kayan wuta na kamfanin Lucas, kuma Lucas sukan buga kwanan ƙira a jikin kayansu. Kayan da kwanansu ya riga na motar da 'yan watanni ya yi daidai. Wanda ya zo bayanta, sauyi ne.

Ni dai a ganina, fatar asali da ta tsattsage amma ba ta rabe ba, a wanke ta a shafa mata man fata a bar ta, masu tara irin waɗannan motoci sun fi daraja ta a kan sabuwa. Wadda ta lalace sarai kuwa, ka ɗauki hotonta kafin a kwance, ka sa kowane yanki a buhu da rubutu, sannan ka ba mai kushin ya yanka sabuwar a kan tsohuwar, ɗinki bisa ɗinki.