Saniyar Tatsa Ko Bijimin Kiwo: Darasi A Kan Zuba Jari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako a kan juya dukiya ne. Kowace shekara idan kaka ta yi a ƙasar Mahuta da sauran garuruwan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, aka sayar da masara da auduga, akan sami wanda kuɗi suka yi masa saura a hannu. Haka nan ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, da wanda aka ɗora wa riƙon dukiyar marayu. Daga cikinsu akwai masu tunanin sayen hannun jari, kuma lalle ne su san cewa hannun jari iri biyu ne.

Na farko shi ne na kamfanin da ya riga ya kafu, yana sayar da abin da jama'a ba su iya bari, kamar abinci da sabulu, yana raba riba kowace shekara ko da kaɗan ce. Na biyu shi ne na kamfani mai tasowa, wanda yake mayar da ribarsa cikin aiki, mai hannu bai samun kome yanzu, sai fatan darajar hannunsa ta hau nan gaba. Makiyayi ya san duka biyun. Na farko saniyar tatsa ce, kullum da ɗan nononta. Na biyu bijimi ne da aka ɗaure ana kiwo, ribarsa sai ranar kasuwa, kuma yana iya mutuwa kafin ranar.

Asalin duka biyun halal ne, domin tarayya ce a cikin kasuwanci, dangin ƙiradi wanda malamanmu na Malikiyya suka yi bayaninsa. Amma fa kowanne da raminsa.

Ramin mai neman kwanciyar hankali shi ne riba ta haram, watau kuɗin ruwa. Ƙa'idar Shari'a ita ce wanda zai ci riba shi ne wanda ya yarda ya ɗauki hasara. Duk wanda ya ba da kuɗinsa bashi aka lamunce masa uwar kuɗin tare da ƙari tsayayye, to, ya fita daga ciniki. Kuma a lura, daga cikin kamfanonin da suka yi suna wajen raba riba akwai na giya, da na taba, da bankunan kuɗin ruwa. Yawan nonon saniya bai halatta ta idan ta sata ce. Akwai mafita ta halal: a 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardun sukuk na farko, na naira miliyan dubu 100, don aikin hanyoyi, inda aka riƙa biyan masu su kuɗin haya sau biyu a shekara.

Ramin mai neman haɓaka kuwa shi ne garari da caca. Bayan haɗewar bankuna ta 2005 mutane sun yi rububin sayen hannun jari, wasu har da kuɗin bashi, ba tare da sanin abin da kamfanonin suka mallaka ba. Da kasuwar hannun jari ta Legas ta rushe daga watan Maris na 2008, darajarta ta ragu da fiye da rabi cikin shekara guda, tanadin gidaje da yawa ya salwanta. Mafi muni shi ne irin dandalin MMM, mai alkawarin ninka kuɗi ba da wata sana'a ba, wanda ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016.

To, da me za a auna? Da tambayoyi uku. Kuɗin na wane ne? Yaushe za a bukace su? Idan suka hallaka, wa zai kwana da yunwa? Dattijon da ya bar aiki, da matar da take ciyar da marayu, su rinjayar da saniyar tatsa. Mai riƙon dukiyar maraya kada ya binne ta, gama Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umurni a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, amma ba shi da ikon jefa amana inda zai yi shakkar jefa nasa. Saurayi mai sana'a, wanda rumbunsa yake cike, shi ne zai iya ɗaure bijimi ya jira shekaru. Manomi mai hankali ma sai ya ware gonar dawa tukuna kafin ya shuka auduga, kuma shawarar Annabi Yusufu ga mutanen Masar ita ce a yi tanadi cikin shekarun wadata saboda shekarun fari.

Kada a manta da zakka. Malamai da yawa na wannan zamani sun ce wanda yake saye da sayar da hannun jari, hukuncinsa na kayan ciniki ne: ya ƙiyasta darajarsu idan shekara ta zagayo, ya fitar da ɗaya bisa arba'in idan sun kai nisabi. Wanda ya ajiye don cin riba kuwa akwai saɓani a kansa, sai ya nemi malami ya yi masa bayani.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga haram. Amin. Wallahu a'alamu.