DARASI DON IYAYE DA MALAMAI: WA ZAI SHIGA TSEREN 'YAN MATA?

A Gusau ko Tsafe ko Bungudu, har a ƙananan garuruwa irin su Furfuri, duk ranar da makaranta ta shirya gasar wasanni akan raba tsere gida biyu, na maza daban, na mata daban, ba mai tambayar dalili. Amma a Amurka wannan rabon ya zama abin shari'a, labarinsa kuwa yana shigo mana ta rediyo da wayoyin 'ya'yanmu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka ya kamata mu fahimci maganar tun ba ta same mu a filin makaranta ba.

1. Abubuwa uku da ake cuɗawa

Na fari, akwai waɗanda Bahaushe ke kira mata-maza, wato waɗanda aka haifa da wani bambanci a gaɓoɓi ko a sinadaran jiki. Wannan halitta ce, ba zaɓi ba, kuma sau da yawa ba a ganewa sai lokacin balaga. Na biyu, akwai masu sauya jinsi, waɗanda jikinsu na namiji ne ko na mace sarai, amma suna ji a ransu cewa su ɗaya jinsin ne, har waɗansu su nemi magani ko tiyata. Na uku kuwa yarinya ce kawai mai tsawo da ƙarfi da kaurin murya, wadda surfe da ɗiban ruwa suka gina jikinta. Wanda ya cuɗa waɗannan ukun, tilas ya zalunci wani.

2. Dalilin raba tsere

Kafin balaga, bambancin gudu tsakanin yaro da yarinya kaɗan ne. Da balaga ta zo, sinadarin da ake kira tastostaron yakan ƙaru ƙwarai a jikin namiji, ya ƙara masa tsoka da tsawo da ƙarfin ƙashi. Shi ya sa a tseren mita 100 bajintar maza ta duniya ta kai daƙiƙa 9.58, wadda Usain Bolt ya kafa a 2009, ta mata kuwa 10.49, wadda Florence Griffith-Joyner ta kafa a 1988. Da ba a ware wa mata nasu tseren ba, da wuya mace ta ga kofi. Rabon nan adalci ne.

3. Dokokin Amurka

Jihar Idaho ce ta fara kafa doka a 2020, ta hana wanda aka haifa namiji shiga wasannin 'yan mata na makaranta ko da ya sauya jinsi. Jihohi fiye da 20 suka bi sahunta. A Fabrairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarni mai irin wannan manufa, a Yulin shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yarda ta saurari ƙarar da aka kai a kan dokokin Idaho da West Virginia. Masu goyon baya sun ce dokokin suna kare haƙƙin 'yan mata da lafiyarsu. Masu adawa suka ce yaran da abin ya shafa 'yan kaɗan ne, kuma hana su wasa yana ƙara musu kaɗaici.

Abin da ya faru a jihar Utah a 2022 ya isa darasi. Gwamna Spencer Cox ya ƙi sa hannu a kan dokar, yana cewa cikin ɗaliban sakandare kusan 75,000 masu wasa, huɗu ne kawai masu sauya jinsi, ɗaya tak ke wasa da 'yan mata. Majalisa ta tsallake shi ta zartar. A shekarar nan kuma aka ji cewa iyayen waɗansu 'yan mata biyu da aka tsere wa sun kai ƙorafi a kan wadda ta ci, aka bi takardunta har zuwa ajin farko ba tare da sanin iyayenta ba, aka tarar mace ce tun asali. Ashe zato, in aka sake shi, a kan 'ya mace yake fara faɗawa.

4. Maƙwabciyarmu ta Nijar

Aminatou Seyni, 'yar tseren Jamhuriyar Nijar, mace aka haife ta, mace ta tashi, ba ta sauya kome ba. A Yulin 2019 ta yi mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a birnin Lozan, gudun da mata kaɗan suka kai. Amma a gasar duniya ta Doha a shekarar nan ba ta sami shiga mita 400 ba, domin dokar hukumar tsere ta duniya ta wancan lokacin ta ce mace mai yawan tastostaron daga halitta sai ta rage shi da magani kafin ta yi tseren mita 400 zuwa mil ɗaya. Ta koma mita 200, a 2022 kuwa ta zo ta huɗu a duniya. A 2023 aka faɗaɗa dokar ta shafi kowane tsere. An yi wannan doka ne domin manyan gasa, inda akwai likitoci da kotun ɗaukaka ƙara. Duk da haka asirin jikinta ya zama hirar duniya. To, ina ga yarinyar aji biyu a ƙauye?

5. Koyarwar Ekklesiya

Ekklesiya tana riƙe da gaskiya biyu, ba ta sakin ɗaya. Bisa ga Littafin Farawa, kasancewa namiji ko mace baiwa ce daga Allah, ba riga ba ce da za a tuɓe. Takardar Fadar Paparoma ta Afrilun 2024 a kan darajar ɗan Adam ta ƙi yarda da tiyatar sauya jinsi, amma ta bayyana cewa neman magani ga wanda aka haifa da bambancin gaɓoɓi ba sauya jinsi ba ne. Ita ce kuma ta jaddada cewa darajar kowane mutum ba ta raguwa, ko wane hali yake ciki. A Matiyu sura 19 Ubangijinmu da kansa ya ambaci waɗanda aka haifa daban tun daga ciki, bai kuwa yi musu ba'a ba.

6. Abin da ya wajaba a kanmu

A bar tseren mata ga mata, amma kada taron 'yan kallo ya zama alƙali. Kada malami ko alƙalin wasa ya tuɓe yarinya ko ya sa a duba ta, gama wannan cin mutunci ne wanda kofi ba ya biya. In shakka ta taso, shugaban makaranta da iyaye da likita ne za su zauna a asirce. Yaron da ke cikin ruɗani game da kansa, a saurare shi da haƙuri, kada a mai da shi abin dariya. Mu tuna kuma, a yankinmu babbar damuwa ita ce 'yan matan da ba sa zuwa filin ko kaɗan, saboda talla ko tsoro ko gorin mutane. In muka ƙara musu da zargi, sauran ma za su zauna a gida.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin mata-maza da mai sauya jinsi?
2. In 'yarki ce aka zarga a gaban jama'a, me za ki so shugaban makaranta ya yi?
3. Me ke hana 'yan matan unguwarku shiga wasanni?

Addu'a

Ya Allah Mahaliccinmu, ka ba mu adalcin da ba ya kunyata yaro, da tausayin da ba ya ɓoye gaskiya. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.