Kada Gumi Ya Ruɗe Ka

A Karfi da yawanmu mun ɗauka gumi ne ma'aunin kalorin da jiki ya ƙona. Ina! Da bazara ko a zaune kake sai rigarka ta jiƙe.

Lissafin ba wuya: nauyinka a kilo, sau awannin aikin, sau lambar wahalarsa. Tafiya da sauri kusan 4 ce, tuƙa keke zuwa Malumfashi kusan 6. Mai kilo 60 da ya yi awa guda yana sauri ya ƙona kalori wajen 240, wanda malmalar tuwon masara ɗaya za ta biya. In noma kake, cire lokacin da ka zauna gindin kuka kana shan fura. Agogon hannu mai ƙirga kalori kuwa yakan yi kuskure sosai.

Malam, ka fara hawa sikeli tukuna.