Darasi: Lasisin Tuƙin Babbar Mota, da Abin da Ya Shafi Mai Kaya

Mun ajiye lissafin farashi a gefe domin mu yi magana a kan takardar da mutum yake buƙata kafin ya ja babbar mota. Da yawanmu muna da ɗa ko ƙane da ya shiga karen mota yana fatan wata rana a miƙa masa makulli. Kuma dukkanmu muna ɗora dukiya a bayan mota mu koma gida mu kwanta.

Ku duba, tirela ɗaya takan ɗauki buhun masara 300 daga Dawanau zuwa Legas, tafiyar wajen kilomita 1,000. Jarin mutum biyar ko goma yana cikinta. To wa ke riƙe da sitiyarin?

Da farko mu sani lasisi aji-aji ne. Aji A na babur ne. Aji B na ƙaramar mota ne wadda ba ta kai tan 3 ba. Aji D na manyan motocin kaya ne waɗanda ba su jan bodi. Tirela da tanka, masu kai daban bodi daban, nasu aji G ne. Wanda ke riƙe da B ya hau tirela, a wurin hukuma daidai yake da wanda ba shi da komai. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa, sai ka ji an ce "ai yana da lasisi", ba a tambayi wane iri ba.

Ofis uku ne ke da hannu a aikin: jami'an gwajin mota da muke kira VIO, ofishin tara haraji na jiha, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wadda aka kafa a 1988. Ga yadda ake bi.

Na ɗaya, a shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, a samu takardar shaidarta. Shekarun da yaro ya yi a bayan maigidansa suna da amfani ƙwarai, can ya koyi ɗaure kaya da canza taya da sanin kukan inji. Amma hukuma takarda take so ta gani.

Na biyu, shekaru. Ɗan shekara 18 yana iya samun lasisin ƙaramar mota, na haya kuwa sai wanda ya ƙara manyanta. Kada a ƙara wa yaro shekaru a takarda don gaggawa, lambar katin ɗan ƙasa za ta tona, tunda yanzu ana neman ta.

Na uku, asibiti. Mai neman lasisin haya sai likita ya duba shi, musamman idanu. Wanda ba ya gani sosai da dare, ko hawan jini ya kama shi bai sani ba, ya fi masa alheri ya ji daga bakin likita.

Na huɗu, gwaji wurin VIO, a ga hannunsa, a tambaye shi alamomin hanya. In ya ci, ya biya kuɗi ta banki ya riƙe rasit.

Na biyar, ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Za a ba shi na wucin gadi mai kwana 60, kafin na dindindin ya fito, na shekara 3 ko 5 gwargwadon abin da ya biya.

Wannan na biyar ɗin shi ne ma'auni. Duk wanda ya ce maka "kawo hoto da kuɗi, jibi ka zo ka karɓa", ba a ɗauki yatsunka ba, to jabu zai ba ka. Araha ba ta ado. Ranar da aka tare motar a hanya, tumatir ko albasa ba su jiran a gama shari'a. In kuwa haɗari ne, kamfanin inshora zai fara da duba lasisin direba, kuma yana iya ƙin biya. Mai mota ya yi asara, mai kaya ya yi asara, dillalin da ya haɗa su ya rasa amanar da ya shekara yana ginawa.

Saboda haka, kafin a fara lodi, ku karɓi lasisin ku duba abu uku: hoton na direban ne, ajin ya dace da motar, kwanan watan bai wuce ba. Ku rubuta lambarsa a kan takardar kaya tare da lambar mota. Direban ƙwarai ba zai ji haushi ba. Kuma kada mu riƙa matsa masa da cewa lallai ya kama kasuwar gobe. Dokar hanya ta tsayar wa tirela kilomita 60 a awa a kan babban titi, kuma tun 2017 ake tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Wanda yake da yaro a tasha, ya taimake shi da kuɗin makarantar, ya bi ta ƙofa. Allah ya kai kaya lafiya, ya ba mu kasuwa mai albarka.